Unguwannin Hausawa a Gabas: Masu Zuwa da Masu Tafiya

Jama'a, Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Duk wanda ya san unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu zai ga gaskiyar wannan magana. Masallaci yana nan, kasuwa tana ci, amma mutanen da ke ciki suna sauyawa.

Hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Fatakwal da Inugu a 1916 domin jigilar kwal, daga baya ta kai Arewa. Fatake suka biyo ta da shanu da wake da albasa, suna komawa da manja. Waɗansu suka zauna dindindin, har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama Magajin Garin Inugu na farko a 1956.

Rikicin 1966 ya watse unguwannin nan. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, waɗansu suka dawo, sababbi suka maye gurbin waɗanda ba su dawo ba. Tarzomar Anaca ta 2006 ta sake korar mutane da yawa, suka ƙetare gada zuwa Asaba. Ko a zaman lafiya, 'yan ci-rani sukan zo bayan girbi, su koma da faɗuwar damina.

Saboda haka amana a irin wannan wuri ba ta samuwa sai da sanayya. Wajibi ne sabon zuwa ya gabatar da kansa ga Sarkin Hausawa, ya girmama masu gari, don kada laifin mai wucewa ya faɗa kan mazaunin da aka haifa a can.