Waƙar Gungun da Ruwa Ya Ci



A 2019 Japanawa suka fito da wani wasan zane mai motsi, Kono Oto Tomare, kan ƙungiyar kiɗa ta wata sakandare. A wani kashi nasa yaran sun kaɗa koto, watau abin kiɗansu mai tsirkiya 13, har masu sauraro suka zub da hawaye. Da na gani, sai na tuna Yelwan Yauri.

Muna aji biyar ƙungiyarmu ta yi kiɗa ranar ba da kyaututtuka. Waƙar kuwa wata tsohuwa daga cikin Gungawa ce ta koya mana, ta gungun da aka haife ta, wanda ruwa ya ci bayan an gama madatsar Kainji a 1968. Kalangunmu ɗaya, goge ɗaya, shi ma aro. Da muka kai amshi na biyu, wani dattijo daga Ngaski ya miƙe, ya kasa magana, ya koma ya zauna.

Tsohuwar ta rasu bara. Ba wanda ya ɗauki muryarta, alhali ga waya a aljihun kowannenmu. Ina roƙon ƙungiyar nan, hutun da ke tafe mu rarrabu Yauri, Ngaski da Shanga, mu ɗauko abin da ya saura a bakin tsofaffi.