Jawabi Kan Taraktar da Ƙungiya Ta Saya

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu da 'yan uwa mazauna Sabo, muna yi muku barka da zuwa.

An ce mu yi bayani kan taraktar nan ta hannu da muka haɗa kuɗi muka saya don gonakinmu na wajen Iseyin. Mu dai 'yan kasuwa ne, goro da shanu muka sani, ba ƙarfe ba. Amma tunda kuɗin jama'a ne a ciki, har da na zawarawa da suka sa ɗan abin da suka tara, dole mu faɗi abin da muka gani.

Ranar da aka kawo ta, kowa ya ga jan fenti yana walƙiya, an rubuta Massey Ferguson 375 a gefe, sai murna. Da muka aika Agodi Gate a sayo filta da fanbel, aka kawo, suka ƙi shiga. Sau biyu ana mayarwa. Sai wani tsohon bakanike ya zo da tsumma da kananzir, ya goge jikin injin, ya nuna mana lambar da aka buga a kan ƙarfen. Ashe gangar jikin ta 375 ce, amma injin an ciro shi ne daga wata tsohuwa aka ɗora. Dillali bai faɗa ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Laifinmu ne.

To, 'yan uwa, fenti da sitika kowa na iya sawa. Shaidar tarakta lamba biyu ce: ta farantin da ke manne a jikinta, da ta injin. A kwafe su a takarda, a riƙa tafiya da su duk lokacin da za a sayi safaya, ko nan Ibadan ko Ladipo a Legas. A kuma ƙirga bututun nozul. Ƙaramar nan 135 silinda uku gare ta, 375 kuwa huɗu, duka injin Perkins. Haka waɗanda suka sayi tsohuwar Steyr irin wadda aka riƙa haɗawa a Bauchi a da, ko Fiat, su ma su nemi lambarsu. Agogon awa kuwa kada a yarda da shi, namu ma a tsaye muka same shi.

Abin da muka fara yi shi ne zubar da duk man da ke cikinta, baƙin mai da na giya, muka canza filtoci, muka wanke tanki da lagireto. Daga ranar muka buɗe littafi, muka fara ƙirga awa da kanmu. Baƙin mai duk awa 250 ake juye shi, ba sai ya yi kauri kamar kunu ba. In an zaro sandar awo aka ga man ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, a kashe ta nan take a kira bakanike. Hayaƙi shuɗi, tana cin mai ke nan. Baƙi kuwa, a fara duba filtar iska kafin a taɓa nozul.

Babban abokin gabarmu a nan Kudu shi ne ruwa. Damina na sauka tun Maris ko Afrilu, ga laima, ga tsatsa. Shi ya sa muke cika tanki da gas da yamma bayan an tashi aiki, don kada raɓa ta taru a ciki, da safe kuma a tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindin filta. Gas ɗin jarka na bakin titi mun hana, araharsa ba ta kai kuɗin gyaran famfo ba. Giris kullum kafin a fita.

Sai maganar da za ta ɓata wa wasu rai. Mun ji ana cewa ɗan wane ma ya iya tuƙi, a ba shi ya yi haro kwana ɗaya. Ku yi haƙuri, Alhaji, direba ɗaya muka ɗauka, shi za mu tuhuma in ta lalace. Mai son aiki ya rubuta sunansa wurin sakatare, ya biya kuɗin gas da na asusun gyara kafin ta bar rumfa, ko da shugaba ne.

Littafin yana nan kan tebur, duk mai so ya duba bayan an yi addu'a.