Ƙuri'a Ita Ce Sandan Talaka: Lacca Ga Mutanen Talata Mafara Da Bakura Da Maradun

  

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar zaman lafiya, da yadda talaka ya kan saka wa mahukuntan da suka kasa tsare ransa da dukiyarsa.

Ku duba garuruwan nan namu uku. Bakura ta ba da Gwamna Ahmad Sani Yarima daga 1999 zuwa 2007. Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019. Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Watau shekara 20 ke nan mulkin Zamfara yana hannun 'ya'yan wannan yanki. Da haihuwar gwamna tana maganin ɓarawo, da ba mai rufe ƙofa a ƙasar nan.

To, me muka gani? Doka tana da ƙarfi, amma a kan wa? A 1980 manoman Bakolori suka nemi diyyar gonakinsu da aka cinye saboda madatsar ruwa, aka turo 'yan sanda suka buɗe musu wuta. A shekarar 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe saboda satar saniya. A Jangeben nan dai, ran 26 ga Fabrairu 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata da dare suka kora yara 279 daji kamar tumaki. Cikin watan Agusta na wannan shekara suka faɗa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, suka yi kisa, suka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ran 1 ga Satumba suka kwashe yara 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Gari uku, masifa uku, cikin shekara guda.

Wace amsa aka ba mu? Tun 2018 Gwamna Yari ya faɗa da bakinsa ya sauke nauyin zama shugaban tsaron jiha, don sojoji da 'yan sanda ba a hannunsa su ke ba. Wanda ya gaje shi ya gwada sulhu da mutanen daji, bai ɗore ba. Sa'an nan cikin 2021 aka yanke wayar tarho, aka rufe kasuwannin mako-mako. Mu da garinmu ya ci sunan ranar kasuwa mun san abin da wannan ya jawo wa mai ɗan tebur da mai jaki. Cikin Yuni 2022 kuwa sai aka ce kowa ya nemi izinin riƙe bindiga ya tsare kansa. Mutumin da bai iya sayen taki ba, shi za a ce ya sayi bindiga?

Da zaɓen 2023 ya matso, manyan nan uku duk suna inuwa guda, ga mulki, ga kuɗi. Talaka bai ce uffan ba. Ran 25 ga Fabrairu jam'iyyarsu ta ci Zamfara a zaɓen shugaban ƙasa, aka ɗauka magana ta ƙare. Bayan mako uku, ran 18 ga Maris, Dauda Lawal ya sami ƙuri'a 377,726, gwamna mai ci ya sami 311,976. Rata 65,750 ke nan. Mutane ba su rikice ba, sun san wanda suka ba amanar ƙauyukansu, shi suka tuhuma.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu. Babba in ya faɗi, bisa katifa ya ke faɗuwa. A wannan shekara Yari ya tafi Majalisar Dattawa, Matawalle ya zama ƙaramin Ministan Tsaro. Sabuwar gwamnati ta kafa Askarawa cikin Janairu 2024, duk da haka ba a daina satar mutane a kan hanya da gona ba. Sauya mahayi bai warkar da ƙafar doki ba.

Saboda haka shawararmu guda ce. Mudun da muka auna wancan da shi, da shi za mu auna kowa, ko ɗan garinmu ne, ko ɗan jam'iyyarmu. Kowane ƙauye ya sami mai rubutu, ya riƙe lissafi: mutum nawa aka sace, nawa aka biya fansa, gona nawa ta kwana ba shuka. Ranar da mai neman ƙuri'a ya zo da atamfa da taliya, a karanta masa takardar nan a gaban jama'a, a ce ya ba da amsa tukuna. Ku adana katin zaɓenku kamar yadda ku ke adana iri.

Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya komo da waɗanda ke daji gida lafiya. Wassalam.