Bango ya jiƙe, filamba ya daina ɗaga waya: ta ina ake fara sulhu?

Yau mun ba 'yan siyasa hutu, maganar famfo za mu yi. Kar wani ya ce ƙaramar magana ce. A cikinku akwai wanda ya shekara biyar yana tari kafin ya ɗora ɗaki biyu da falo, akwai kuma wanda da aikin famfon nan yake ci da iyayensa.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum da iyalinsa sun gama gini, an sa tayil, an yi fenti, sun tare. Bayan wata biyu sai bangon da ya raba banɗaki da ɗakin kwana ya fara duhu daga ƙasa, fenti na kumbura yana ɓarewa, ɗaki na warin danshi. Tankin da aka cika da magariba, kafin asuba ya yi rabi. Aka kira filamba, ya zo ya shafa gam ya tafi. Kira na biyu ya ce yana wani aiki a Zariya. Na uku, waya a kashe. Shi kuma yana can yana gaya wa abokan sana'arsa cewa Alhaji ya danne masa cikon kuɗinsa.

To a nan ne yawancinmu muke tsalle zuwa ofishin 'yan sanda. Ku ji da kyau: Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar aiki. In ya karɓi kuɗi ya gudu, wannan zamba ce, daban take. Amma aikin da aka yi bai yi kyau ba, wannan rigimar haƙƙi ce tsakanin mutum biyu. Kuma ko an rufe shi ya kwana, bangon ba zai bushe ba. Haka masu ɗora hoton mutum a Facebook su rubuta "ɓarawo", kana neman haƙƙinka sai ka koma kai ake nema da ɓata suna.

Ni a ganina, kafin a tambayi wa zai biya, a fara tambayar me ya lalace. Yawancin zaman sulhun da ke watsewa, an zauna ne kowa na rantsuwa, ba wanda ya ga bututun da ake faɗa a kai da idonsa. Gwajin farko ko sisi ba ya ci. A cika tanki, a rufe duk famfunan gidan, a yi alama a inda ruwan ya tsaya, a bari ya kwana. In ya sauka, akwai yoyo. Sai a riƙa rufe layi ɗaya bayan ɗaya har a gane ɓangaren da ke zuba. Daga nan a kira wani filamba na uku, wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ba ƙanin matar maigida ba, ba kuma yaron shi mai aikin ba. A fasa wurin a gaban kowa, a ɗauki hoto da bidiyo.

Abin da aka gani a cikin bangon nan shi ne alƙali. Misali, koren fayif ɗin nan da ake kira PPR, da zafi ake haɗa shi, ba da gam ba. In ba a gasa shi sosai ba, mahaɗar za ta riƙa tsatsafo. In an wuce gona da iri, roba ta narke ta toshe hanyar ruwa, shi ya sa za ka ga shawa tana ɗiga kamar mai jin kunya. Duka biyun laifin hannu ne, na mai aiki. Haka in bututun fitar da ƙazanta bai samu gangara ba yana toshewa kullum, ko aka manta da lanƙwasar nan mai riƙe ruwa wadda ke hana warin sokawe dawowa banɗaki. Babban laifin kuma, a rufe bututu da siminti da tayil ba a sake masa ruwa an gwada ba. Wannan wallahi ba ni da uzurin da zan ba kowa a kai.

Amma fa sau da yawa in an fasa, kunya maigida take kamawa. Wa ya sayo kayan? In filamba ya rubuta maka fayif mai kauri, kai ka shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa ka zaɓo mai araha, ka ce ai duk roba ce, to ka sayi yoyonka da kuɗinka. Akwai rubutu a jikin fayif ɗin: PN10 na ruwan sanyi ne, layin hita kuwa irin su PN20 yake so. In kuma shi aka ba kuɗin mai kauri ya sayo siriri ya soke canji, wannan cin amana ne, a kira shi da sunansa. Wani lokacin ma duk su biyun ba su da laifi: kafinta ne ya zo kafa madubi ya huda bututu da ƙusa, ya yi shiru ya tafi.

Sai wa zai shiga tsakani. Mai unguwa yana da kyau, liman ma haka. Amma ku nemi ogan da ya koya masa aiki, ko shugaban masu sana'ar a yankin. Yaron da zai kashe maka waya ba zai kashe wa ogansa ba, kuma ogan ya san aikin, ba a yi masa dogon turanci. A sa uwargida a zaman, ko a ji ta bakinta. Ita ce ke gidan, ita ta san ranar da bangon ya fara jiƙa da famfon da in an buɗe abin ke ƙaruwa.

Inda nake da matsala da irin sulhunmu shi ne "a yi haƙuri, a raba biyu". Dattawa, da girmanku, raba biyu ba kullum ne adalci ba. In laifin hannu ne, mai aiki ya gyara ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba, kuma a yi maganar tayil ɗin da aka fasa tun a zaman, don a nan rigima ke sake tashi. In kayan maigida ne suka gaza, ya sayo nagari, ya biya ladan sabon aiki. Kuma mai ƙaramin ƙarfi aka fi ba haƙuri. Sai ka ga an danne wa yaro cikon wata uku a kan laifin da ba nasa ba, don mai gidan babban mutum ne.

Neman a dawo da kuɗi gaba ɗaya, gaskiya da wuya ya yi aiki, kuɗin an ci tuwo da su. Gyara ya fi samuwa. A rubuta abin da za a gyara, ranar farawa da ta gamawa, da wanda zai kawo kaya. Cikon kuɗin a damƙa wa mai shiga tsakani, kar ya saki sai an cika tanki ya kwana bai sauka ba, sannan a rufe bango. Kowa ya sa hannu, da shaidu biyu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa.

In duk an yi ya ƙi, a Kano akwai cibiyar sulhu ta ɓangaren shari'a da ake kira Multi-Door, akwai kuma kotun ƙananan da'awar kuɗi da aka buɗe a 2019, wadda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. A matakin tarayya akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Duk inda ka je hujja za a tambaye ka, don haka rasit, alat na tura kuɗi, da hirarku ta WhatsApp, kar ka goge ko ɗaya.

Ku kuma 'yan uwana masu sana'ar, in maigida ya dage sai kaya mai araha, tura masa saƙon murya: "Alhaji, wannan fayif ɗin ba zai ɗauki ruwan zafi ba, amma in ka ce a sa, za a sa." Ka ajiye amsarsa. Kuma don Allah ku riƙa ɗaga waya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.