Kwamfutar Da Ta Ƙi Barci

Laccar da aka gabatar a gaban ɗalibai 'yan asalin Talata Mafara da Bakura da Maradun



An nemi mu yi magana a kan wani al'amari wanda mai jinsa daga nesa zai ɗauka bai isa a tara mutane dominsa ba, watau kwamfutar da aka rufe murfinta amma ta ƙi barci. To, amma ɗalibin da ya biya kuɗin caji da la'asar, ya rufe na'urarsa ya sa a jaka, da asuba ya tarar da ita da zafi kamar an fito da ita daga tanderu, batir kuwa ya ƙare ƙarƙaf, ga shi ranar ce zai miƙa kundin bincikensa, wannan ɗalibi ya san ba ƙaramar magana ba ce. Abin da yakan biyo baya ma ya fi muni. Sai a kai ta wurin mai gyara, da yawansu kuwa maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta: a goge komai a sake zuba Windows. Babi uku na aikin da aka yi wata shida ana rubutawa su tafi cikin wannan wanka, bayan mako biyu kuma cutar ta dawo.

Abin da muke so ku riƙe shi ne, kwamfuta ba ta ƙin barci haka kawai. Ko dai akwai abin da ya riƙe ta, ko akwai abin da yake ta da ita, kuma sunan wannan abu yana nan a rubuce a cikinta. Ba ta faɗa ne domin ba a tambaye ta ba.

Kafin mu zo ga tambayar, wajibi ne mu san barcin kansa iri nawa ne. A shekarar 1996, shekarar da aka kafa Jihar Zamfara, kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda ta ba kowane hali na na'urar lamba. S0 shi ne tana farke tana aiki. S5 shi ne an kashe ta. A tsakani akwai S3, barcin da muka saba da shi: komai ya tsaya sai ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu sana'ar ke kira ram, ita kaɗai ake ɗiga wa 'yar wuta don kada ta manta abin da ake ciki. Sa'an nan akwai S4, wanda aka rubuta masa "Hibernate" a fuskar na'urar. A nan sai ta kwashe duk abin da ke cikin ram ta rubuta a babbar ma'adanarta, ta mutu ɗungum, in an kunna ta kuma ta dawo daidai inda aka tsaya. Mu sai mu kira shi barcin gaiwa. Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san yadda gaiwa kan shige laka in ruwa ya janye, ta kwanta har damina ta dawo. Bambancin kawai, gaiwa tana cin jikinta, wannan kuwa ba ya cin batir.

Daga 2012, da fitowar Windows 8, aka shigo da wani sabon salo wanda ya yaɗu sosai bayan Windows 10 ta 2015. An so kwamfuta ta yi koyi da wayar hannu: fuska ta mutu, amma cikinta yana farke kaɗan, tana iya riƙe intanet, tana karɓar saƙo, tana sauko da sabuntawa. Wannan barcin zomo ne, ido biyu. In komai ya tafi daidai wutar da yake ci kaɗan ce. In kuwa wata manhaja ko wani direba ya ƙi kwanciya, to na'urar tana aiki ne sosai a cikin jaka, ba iska, ba mai gani.

Bari mu yi ɗan lissafi. Batirin kwamfutar cinya mai lafiya yakan ɗauki kimanin wat 50 na awa guda. Idan tana farke ba ta komai, tana jan wat 10 misali, awa 5 ta isa ta shanye shi. Idan tana barci na gaskiya, tana jan rabin wat, sai ta yi awa 100. Namu baturan kuwa galibi na gwanjo ne, sun riga sun rasa rabin ƙarfinsu tun kafin su sauka a Legas, saboda haka ku raba lissafin biyu. Ku ƙara da cewa babu abin da ke tsofar da batirin litiyom da sauri kamar zafi, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasarmu yakan haura digiri 40 a inuwa. Kwamfutar da ta kwana a farke cikin jaka a watan Afrilu a Mafara ba cajin ranar kaɗai ta cinye ba, ta ci wani abu daga kwanakin batirinta.

A nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin a ganinmu nan ne tushen matsalar yake a wurinmu. Waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori sun gina su bisa wani zato, cewa wutar da ke fitowa daga bango ba ta ƙarewa kuma ba a jin tsadarta. Shi ya sa saitin wuta na Windows yake da gida biyu, ɗaya na lokacin da take kan batir, ɗaya na lokacin da aka jona ta. A kan batir tana tsimi. Da zarar an jona ta sai ta saki jiki, ta jinkirta barci, wani lokaci ma a tarar an sa mata kada ta yi barci sam, ta kama ayyukan da ta ajiye, irin su binciken ƙwayar cuta da sauko da sabuntawa. Ba ta da hanyar sanin cewa abin da aka jona ta da shi ƙaramin janareta ne mai shan fetur, ko inbata mai batir ɗaya da ɗaki shida ke rabo, ko sola ta mai shagon caji. Duka a wurinta wutar gwamnati ce. Haka nan in ka ba ta intanet daga wayarka, ɗauka take layin ofis ne wanda ba a ƙirga shi, sai ka wayi gari datarka ta tafi.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata wannan ya zo mana baƙo ba. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka sa mata injinan wuta na megawat 3, aka shimfiɗa wa sashe mafi girma na gonakin bututun ban ruwa na feshi, masu bukatar famfo da wuta kullum. Da wutar ta gagara sai aka yi watsi da feshin, abin da ya rage yana amfani shi ne ruwan da ke gangarowa da kansa ta kwalbati da magudanai. Kayan aiki yakan zo da zaton ƙasar da aka ƙera shi, in ba a gyara zaton ba sai ya zama kaya kawai. Abin farin ciki, na kwamfuta a hannunmu yake, ba sai an jira kwangila ba.

To, yaya ake tambayar ta? A buɗe baƙin allon nan na umarni, wanda ake samu in an rubuta cmd a wurin nema, a buɗe shi da ikon mai gudanarwa. A fara da rubuta powercfg /a. Wannan zai nuna irin barcin da na'urarka ta iya. In ka ga S3, tana da barcin da. In ka ga S0 a jerin barcin, to mai barcin zomo ce, sai ka san da wa kake zaune.

Sa'an nan a rubuta powercfg /requests. Wannan shi ne babban umarnin, domin shi ke fito da sunan duk wanda ya ce wa Windows, "Dakata, ina aiki." In ba kowa, za ka ga "None" a ƙarƙashin kowane kai. In akwai, ga sunansa nan. Waɗanda aka fi kamawa sanannu ne. Akwai shafin burauza da aka bari a buɗe yana da bidiyo ko karatu, ko da an tsayar da shi. Akwai direban sauti da yake zaton har yanzu ana saurare. Akwai manhajar sauko da fina-finai da ta laɓe a gefen agogo. Akwai kuma wanda ya fi shafarmu mu ɗalibai: ka je shagon buga takardu an jona kwamfutarka da firinta, wuta ta ɗauke aikin bai fita ba, ka dawo ɗaki. Takardar nan tana nan a layi tana jiran firintar da ke can bakin kasuwa, kuma saboda ita na'urar za ta iya ƙin runtsawa. Share layin kawai, magana ta ƙare. Wannan ce cutar da ake goge wa mutum kundinsa dominta.

Idan kuwa tana yin barcin amma tana farkawa da kanta, tambayar dabam ce. Umarnin powercfg /lastwake zai faɗi abin da ya ta da ita na ƙarshe, powercfg /devicequery wake_armed kuma zai jera duk na'urorin da aka ba izinin ta da ita. Linzami ne kan gaba. Tebur ya ɗan girgiza, ko an rufe ƙofa da ƙarfi, ya isa. Wanda ya bar ɗan makullin linzami marar waya a jikin kwamfuta, ya jefa linzamin cikin jaka ɗaya da ita bai kashe shi ba, ya hau babur daga Bakura zuwa Mafara, kowane rami sai ya ta da ita. Na biyu katin sadarwa ne. Yawancin kwamfutocin da ake sarowa daga Ikeja ko Kano tsofaffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ne, inda aka saita su yadda ma'aikacin kamfani zai iya ta da su daga nesa da dare. Ana cire wannan izini a wurin kula da na'urori, a shafin wuta na kowace ɗaya. Na uku agogon cikinta ne: Windows tana da aikin gyaran kai da ta saba sa wa ƙarfe 2 na dare, powercfg /waketimers zai nuna in an ba shi damar ta da ita. Masu barcin zomo kuma suna da powercfg /sleepstudy, wanda ke fitar da rahoton kowane barci da abin da ya ci batir a cikinsa. Masu Apple su rubuta pmset -g assertions, masu Linux su rubuta systemd-inhibit --list, ma'anar ɗaya ce.

Akwai wata mai kama da wannan, watau kwamfutar da ba a taɓa ta amma fankarta na ta kuka. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a duba wace manhaja ce ke saman jeri wajen cin ƙarfin na'urar. In sabuntawa ce, za ta gama ta sauka. In kuwa wani baƙon suna ne da ke riƙe da kashi 80 ko 90 dare da rana, sai a yi zargin ƙwayar cuta, musamman ga mai yawo da filas daga shago zuwa shago, ko mai zuba manhajojin sata. Tun wajen 2017 ɓarayin intanet suka gano cewa ba sai sun saci komai daga na'urar mutum ba, ya ishe su su sa ta haƙar musu kuɗin intanet irin su Monero da wutarsa. Wata hidima mai suna Coinhive ta shahara da wannan kafin ta rufe a 2019, amma sana'ar ba ta mutu da ita ba. Ka ga ke nan ɗan Maradun yana sayen fetur, wani a wata nahiya yana kwasar riba. In kuma jerin ya nuna ba mai cin komai amma fankar ba ta shiru, to ƙurar hunturu ce ta toshe mata hanci, sai a hure.

Wani abin lura: tun Windows 8, danna wurin kashewa ba ya kashe ta gaba ɗaya, yakan ajiye zuciyar Windows da direbobinta don ta yi saurin tashi. Saboda haka direban da ya rikice jiya da rikicinsa zai tashi yau. Sake kunnawa, watau "Restart", shi ne ke wanke wannan. A gwada shi kafin a zargi kowa.

Shawararmu ga duk wanda wutarsa ta awo ce ita ce ya bar barci ya koma barcin gaiwa. In bai gan shi a jerin ba, ya rubuta powercfg /hibernate on. Sa'an nan ya shiga saitin wuta, wurin da ake zaɓar abin da zai faru in an rufe murfi, ya sa "Hibernate" a gidajen biyu, na batir da na jonawa. Ya daidaita lokacin barcin gidan jonawa da na gidan batir. Ya kuma sa wa intanet ɗin wayarsa alamar cewa na awo ne, don Windows ta rage sauke kaya ba da saninsa ba. Abin da za a rasa shi ne 'yan daƙiƙoƙi wajen tashi, da ɗan fili a ma'adana. Wasu za su ce wannan koma baya ne, tun da an ƙera na'urar ta farka kamar ƙiftawar ido. Mu dai ba mu ga amfanin saurin farkawar na'urar da za a tarar ba batir ba.

In duk an yi waɗannan ta ci gaba da ƙi, lalle sai a nemi sabon direban hoto ko na sadarwa daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, in ya gagara a kai ta ga mai gyara. Amma kafin ta bar hannunku, ku kwafe kundinku a filas biyu, ku tura wa kanku ta imel, ku kuma ɗauki hoton abin da waɗannan umarni suka nuna ku kai masa, don ya fara daga nan.

Shugaban taro, mun ga akwai waɗanda suka zo da kwamfutocinsu. In an ba mu izini, sai su matso gaba mu rubuta umarnin tare, mu ga wa ya riƙe ta kowa.