Allon Kafaɗa Shi Ne Gindin Hannu: Jawabi Ga Iyayen 'Yan Makaranta

  

Maganata a yau kan kafaɗar yaranmu 'yan makaranta ce. Da yawanmu in yaro ya ce kafaɗa na masa ciwo, sai mu ce lalaci ne, ko mu shafa masa man zafi a damtse. To jama'a, sau da yawa tushen abin yana baya, wajen ƙashin nan mai faɗi da muke kira allon kafaɗa.

Shi wannan allo ba shi da gaɓar da ta haɗa shi da haƙarƙari. Ƙashi guda ne, wanda ke ƙasan wuya, ya sada shi da ƙirji, sauran riƙon duk na tsoka ne, tsokoki kamar 17. In mutum ya ɗaga hannu sama har ƙarshe, kashi 2 cikin 3 na motsin gaɓar kafaɗa ke yin sa, kashi 1 kuma juyawar allon ne. Kun ga ke nan in tsokokin nan suka yi rauni, gaɓar ce za ta ɗauki aikin da ba nata ba, daga nan sai ciwo da saurin gajiya. Kamar rumfa ce, in dirka ta yi sanyi, jinka ba ya zama daidai.

Dubi yaranmu. Da safe jakar boko, da yamma ta Islamiyya, an rataya ta a kafaɗa ɗaya. A aji a duƙe kan benci, a gida a duƙe kan waya. Likitoci suna ba da shawara kada jaka ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro. Yaro mai kilo 30, jakarsa kilo 3 ce, iyaka 4 da rabi. Mu 'yan kasuwa ba mu rasa sikeli ba, don Allah yau a ɗora jakar a gani.

Bayan haka, a saya masa mai igiya biyu, ya goya ta tsakiyar baya. A koya masa ya miƙe, ya ja kafaɗunsa baya har allunan su matso juna, sannan ya saki. Ya dafa bango da hannu biyu, yana matsowa yana turawa. A bar shi ya yi wasa a waje.

Amma in yana tura bango kuka ga allo ɗaya ya taso kamar fiffike, ko hannu na masa sanyi, ko ciwon ya hana shi barci, wannan ba na mai ɗori ba ne. A kai shi asibiti, likita ya duba.

Yaran nan amana ce a hannunmu, kuma rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana su, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.