Jarrabawar GMAT: Bayani Ga Masu Neman Babban Digiri Na Sha'anin Kasuwanci



An shirya wannan jawabi ne domin wayar da kan 'yan ƙasa game da wata jarrabawa da ake kira GMAT. Kowace shekara samari da 'yan mata na ƙasar nan waɗanda suka riga suka sami digiri na farko su kan nemi shiga manyan makarantun koyon sha'anin kasuwanci na ƙasashen waje, domin su sami digiri na biyu na gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA. Da yawa daga cikinsu ba su jin labarin wannan jarrabawa sai makaranta ta aiko tana neman sakamakonta, alhali kuwa lokaci ya ƙure. Daga nan sai gaggawa, a biya kuɗi masu yawa, a shiga ba shiri, a fito da makin da ba zai kai mutum ko'ina ba. Tun da yake kuɗin jarrabawar ba na wasa ba ne, asarar ta kan yi wa ɗalibi da iyayensa nauyi ƙwarai. Saboda haka ya kyautu kowa ya san ko mece ce ita, da abin da take aunawa, da yadda ake yi mata shiri.

Asalin Jarrabawar

Haruffan nan huɗu taƙaitawa ne na sunanta na Turanci, Graduate Management Admission Test, watau jarrabawar shiga karatun gudanarwa ga masu digiri. A Amurka aka ƙago ta. Cikin shekarar 1953 wakilan makarantun kasuwanci tara, har da na jami'o'in Harvard da Columbia da Chicago da Pennsylvania, suka yi shawara da wata hukumar shirya jarrabawa mai suna ETS. Damuwarsu ita ce masu neman shiga su kan fito daga jami'o'i dabam-dabam, wannan ya karanta aikin injiniya, wancan tarihi, kuma yadda wata jami'a ke ba da maki ya sha bamban da na wata. Suna bukatar mudu ɗaya wanda za a auna kowa da shi. Aka yi zama na farko cikin watan Fabrairu na 1954, sa'an nan a 1976 aka raɗa mata sunan da take amsawa yau.

Mutanen Nijeriya sun saba da irin wannan tsari, gama tun daga 1978 da aka kafa hukumar JAMB 'yan makarantu dabam-dabam ke zama jarrabawa ɗaya kafin su shiga jami'a. Bambancin shi ne GMAT ba ta gwamnati ba ce. Wata ƙungiya ta makarantun kasuwanci mai suna GMAC ita ke da ita, kuma bisa ga lissafin ƙungiyar makarantu fiye da 2,000 a duniya suna karɓar sakamakonta.

An sha yi wa jarrabawar gyara. A 1997 aka bar takarda da fensir aka koma kwamfuta. A 2020, lokacin annobar korona, aka ba da damar yin ta a gida ta intanet. Babban gyara na baya-bayan nan kuwa shi ne na watan Nuwamba 2023, inda aka fito da sabon tsari, aka kuma janye tsohon a ƙarshen Janairu 2024. Bayanin da ke biye na sabon tsarin ne.

Sassan Jarrabawar

Da Turanci ake yin ta duka. Tana da sassa uku, kowanne minti 45, watau awa biyu da kwata ke nan, ban da hutun minti goma ga wanda ya so. Tambayoyinta 64 ne, kuma mai jarrabawa shi ke zaɓen sashen da zai fara da shi.

Na ɗaya shi ne sashen lissafi, mai tambayoyi 21. Lissafin bai wuce na makarantar sakandare ba: kaso cikin ɗari, riba da faɗuwa, rabo, matsakaici, da aljabara. Amma fa ba a yarda a yi amfani da na'urar lissafi a wannan sashe ba, kuma a kan lulluɓe tambaya mai sauƙi cikin zance mai tsawo, don a ga ko mutum zai gane abin da ake nema.

Na biyu shi ne sashen fahimtar zance, mai tambayoyi 23. A nan a kan ba da rubutu kan kimiyya ko tarihi ko tattalin arziki, a tambayi manufarsa. A kan kuma kawo wata hujja a ce a nemo rauninta. Ga misali: wani kamfani ya ƙara kuɗin talla, cinikinsa ya hau cikin watan, sai manaja ya ce tallar ce ta jawo. Wane labari ne zai raunana maganarsa? Idan aka ji cewa masana'antar abokin hamayyarsa ta tsaya da aiki cikin wannan watan, to, an sami wani dalili dabam na hawan cinikin, hujjar manaja kuwa ta yi sanyi.

Na uku shi ne sashen nazarin bayanai, mai tambayoyi 20, kuma a nan kaɗai ake ba da na'urar lissafi a kan allon kwamfuta. A kan nuna jadawali ko zanen ƙididdiga ko wasiƙu biyu uku na ofis, a ce a fitar da hukunci daga cikinsu. Cikin wannan sashe akwai wata irin tambaya da ke rikita baƙo, wadda a cikinta ba amsar lissafi ake nema ba, so ake a faɗi ko bayanin da aka bayar ya isa a sami amsa. Misali, a ce: nawa ne kuɗin buhun gero? Bayani na farko, buhu biyu na gero da buhu ɗaya na dawa naira 90,000 ne. Bayani na biyu, buhun gero ya fi na dawa tsada da naira 15,000. Na farko shi kaɗai bai isa ba, na biyu ma haka, amma in an haɗa su sai a ga gero naira 35,000 ne, dawa 20,000. Amsar da ake so ita ce, sai an gama bayanan biyu. Wannan shi ne aikin manaja na kullum, ya san lokacin da labarin da ke hannunsa ya isa ya yanke shawara, da lokacin da bai isa ba.

Daga waɗannan misalai za a lura cewa ba a tambayar ilmin kasuwanci ko na akanta. Wanda ya karanta Hausa ko aikin gona yana iya fin wanda ya karanta tattalin arziki maki, muddin ya fi shi natsuwa da kaifin tunani. Hadda ba ta da wani amfani a nan.

Yadda Kwamfuta Ke Zaɓen Tambayoyi

Wannan shi ne abin da ya fi bambanta GMAT da jarrabawar da aka saba. Ba takarda ɗaya ake raba wa kowa ba. Kwamfuta ta kan fara da tambaya mai matsakaicin wuya. In mutum ya amsa daidai sai ta ƙara masa nauyi, in ya kuskure sai ta sassauta. Haka za ta yi ta gwada shi, kamar yadda mai awo ke ƙara dutse yana ragewa a kan sikeli, har ta gane iyakar ƙarfinsa. Don haka makin da zai samu ya dogara ga wuyar tambayoyin da ya ci, ba yawansu kaɗai ba.

Abubuwa huɗu ke biyo bayan wannan, kuma wajibi ne a kiyaye su. Na farko, mutum biyu da ke zaune kusa da juna ba tambayoyi ɗaya suke gani ba. Na biyu, in tambayoyi suka yi ta tsanani kada hankali ya tashi, sau da yawa alama ce ta cewa ana ci. Na uku, ba a tsallake tambaya, sai an ba da amsa kafin ta gaba ta fito. Amma sabon tsari ya yarda mutum ya sa wa tambaya alama, in lokaci ya ragu a ƙarshen sashe ya koma ya sāke amsa har uku. Na huɗu, barin tambayoyi ba amsa ya kan rage maki ƙwarai. Kowace tambaya rabonta wajen minti biyu ne. Wanda ya kafe a kan guda ɗaya har minti shida, ya cinye rabon waɗansu biyu. Gara ya kawar da amsoshin da ya tabbata ba su ba ne, ya zaɓi ɗaya cikin sauran, ya wuce.

Maki Da Ma'anarsa

Kowane sashe ana ba shi maki daga 60 zuwa 90, jimla kuwa daga 205 zuwa 805, kuma sassan uku nauyinsu ɗaya. Babu makin ci, babu na faɗuwa. Kowace makaranta ita ke duba abin da ya gamshe ta, kuma yawancinsu su kan buga matsakaicin makin ɗaliban da suka ɗauka bara. Takardar sakamako ta kan nuna kashi nawa cikin ɗari na masu jarrabawa mutum ya fi.

A nan akwai wurin yin hattara. Tsohon ma'auni daga 200 ne zuwa 800, kuma ba daidai yake da sabon ba. Bisa ga jadawalin da GMAC ta fitar, maki 645 na yanzu yana daidai da wajen 700 na dā. Kada ɗalibi ya karai don ya ji wani yayansa ya sami 700 shekarun baya shi kuwa ya sami 645, gama matsayinsu ɗaya ne. Sakamako yana aiki har shekara biyar. Wanda bai gamsu ba yana iya sākewa bayan kwana 16, amma ba fiye da sau biyar cikin wata goma sha biyu ba, kuma kowane zama da kuɗinsa.

Rajista Da Shiri

Tun kafin a kashe ko kwabo, sai a fara bincika ko makarantar da ake so tana neman GMAT. Yawancin jami'o'in Nijeriya suna da nasu sharuɗɗan, ba su tambayarta. Makarantun waje da yawa kuma suna karɓar wata jarrabawa mai suna GRE a madadinta. Har ila yau GMAT ba ta ɗauke wa mutum jarrabawar iya Turanci, irin su TOEFL da IELTS, in makaranta ta nema.

Ana yin rajista a shafin intanet na hukumar, watau mba.com, mutum ya zaɓi rana da wuri da kansa, gama ana yin jarrabawar duk tsawon shekara. A 2024 kuɗinta a Amurka dala 275 ne a cibiya, dala 300 a gida, kuma ya kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kamfanin Pearson VUE ke gudanar da cibiyoyin, a kan kuma same su a manyan birane kamar Ikko, watau Legas, da Abuja. Lalle ne sunan da aka rubuta wajen rajista ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi, in ba haka ba ana iya mai da mutum gida daga bakin ƙofa. Mai son yi a gida kuwa ya tabbata yana da wutar lantarki da intanet da ba za su yanke ba, da ɗaki wanda ba mai shigowa. Masu lalura ta gani ko ta jiki suna iya neman a yi musu tanadi na musamman tun kafin su zaɓi rana.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar tana ba da jarrabawar gwaji guda biyu kyauta. Ya kamata a yi ta farko tun kafin a fara karatu don a san inda rauni yake, a ajiye ta biyu sai ranar ta kusa. Karatun awa ɗaya ko biyu kullum na tsawon wata biyu zuwa uku ya fi na kwana bakwai ba barci. A riƙa yin gwaji da agogo a gaba, a kuma ajiye littafi na rubuta kowane kuskure da dalilinsa. A lura da tsofaffin littattafai na kasuwa: duk wanda ke koyar da rubuta insha'i ko gyaran jimla, na tsohon tsari ne, an cire waɗannan sassa.

Gargaɗi

Akwai 'yan damfara da ke cewa suna da tambayoyin da za su fito, ko za su sa wani ya zauna a madadin ɗalibi, ko za su ƙara masa maki. Duk wanda ya fahimci yadda kwamfuta ke zaɓen tambayoyi ya san kuɗinsa kawai ake so. A cibiya ana duba fasfo, a ɗauki hoto, a kuma sa ido har a tashi. A 2008 hukumar ta yi nasara a kotu a Amurka kan wani shafin intanet mai suna Scoretop da ke yaɗa tambayoyinta, ta kuma soke sakamakon waɗansu da suka yi hulɗa da shi. Wanda aka kama ya yi asarar kuɗinsa da mutuncinsa, ya kuma shafa wa sauran 'yan ƙasarsa baƙin jini.

Daga ƙarshe, a sani cewa maki shaida ɗaya ce cikin shaidu da yawa. Makarantu suna duba sakamakon digiri na farko, da shekarun aiki, da takardun shaida daga shugabannin wurin aiki, da abin da mutum ya rubuta game da burinsa, da yadda ya yi a ganawa. Amma digiri an riga an gama shi, ba ya sākuwa, makin GMAT kuwa yana hannun mai shi tukuna. Ana roƙon iyaye da malaman jami'a da shugabannin ma'aikatu su isar da wannan bayani ga matasan da ke ƙarƙashinsu, tun da sauran lokaci.